Ramin da Ticha Ya Liƙe

Ticha mutum ne mai son a san ya sani. Ranar da matarsa ta yi ƙorafin kashin jemagu da ke zubowa daga silin ɗakin Auta, sai da ya yi mata lacca: waɗannan ƙanana ne masu kunnen ɓera, bayansu ruwan ƙasa, cikinsu fari-fari, ƙwari suke ci, kogo da rufin ɗaki ne gidansu. "Kuma ba tsuntsaye ba ne, shayarwa suke yi kamar ke." Ta ce ta ji, a dai raba ta da wari.

Da magariba ya jira suka fita kiwo, ya hau tsani, ya liƙe ramin da suke shiga da siminti, ya sauko yana yabon dabararsa.

Washegari rana na faɗuwa, tsakuwa ta fara sauka a kan kwano. Ɗaya. Shiru. Sai wata. Ya zagaya gidan, babu kowa. Auta kuwa, 'yarsa mai shekara tara, ta ajiye cokali, ta je ta fuskanci bango tana kartarsa da farce. Kwana uku ba ci ba magana, har yatsunta suka yi jini. Tsoro ya kama Ticha, irin wanda babu shi a littafi.

Surukinsa ya kawo wani tsohon malami mai ruƙiyya. Malamin ya yi ta karatu a hankali har yarinyar ta juyo. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dushe.

"Wace ce ke?" in ji malamin.

"Maƙwabciya. Shekara ashirin ina samansu, ban taɓa kowa ba."

"Me kike nema?"

"Ya rufe ƙofa da 'ya'yanmu a ciki. Nono ya cika mana ƙirji. Shi da bakinsa ya ce muna shayarwa."

"In an buɗe, za ki sake ta?"

"In na sami mai rai, zai sami mai rai."

Ticha ya hau tsani da guduma. Simintin ya fashe, wari ya buge shi. Ya zura hannu yana fito da 'ya'yan jemagun ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, duk a sandare. Na bakwai ne ya motsa kunne.

Wani abu ya gifta ta gefen fuskarsa, ya ɗauke ɗan jemagen daga hannunsa.

Daga ɗaki ya ji Auta ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Ya daɗe a kan tsanin bai sauko ba, da sauran shidan a tafin hannunsa.