Adireshin Ruwan Tudun Marke

An riga Barira Mudi kama adireshin ruwan Tudun Marke da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Abin ya faru ranar Talata da hantsi, a shekarar 2094, a ɗakin injinan ruwan unguwar, cikin Sabuwar Kano.

Famfunan gidaje dubu huɗu ba sa karɓar umarni sai daga adireshi ɗaya na intanet. Mai riƙe da shi ne ke sakin ruwa, shi ke ɗaukewa. Shekara talatin yana hannun mai unguwa, Malam Ilu, wanda kan sabunta rajistar da muryarsa ko da wani makulli da ke akwatinsa. Ya rasu saura wata guda wa'adin ya cika.

Barira, mai kula da injinan, ta je wurin babban ɗansa.

"Yaya Tasi'u, makullin kawai zan ara. Minti biyu."

"Ba a buɗe akwatin mamaci kafin rabon gado, ke ma kin sani. So kike ƙannena su ce na fara zaɓe?"

"Ruwan fa?"

"Ya jira arba'in kamar kowa."

Sai ta ɗauki hayar Shaho, na'urar da ke gadin adireshin da wa'adinsa ya kusa, ta cafke shi da zarar ya faɗo. Tasi'u kaɗai ta gaya wa. Ranar cikar wa'adin, ƙarfe goma daidai, Shaho ta kai sura, ta dawo da kalma uku: an riga ki.

Barira ta buɗe kundin rajista. Sunan wanda ya kama: Ilu. Shaida: murya. Ta saurara sau biyu. Har da ɗan tarin da yakan yi kafin magana.

Ta kira Tasi'u.

"Baba ne ya kama adireshin."

"Allah ya jiƙansa. Dama ba ya sakaci."

"Kwanansa talatin a kabari."

"Ni dai akwati na nan a kulle. Zo ki duba."

Ta lura bai tambayi yadda aka yi ba.

Washegari ruwa ya ɗauke a gidaje goma sha ɗaya. Goma na mutanen da suka taɓa kai ƙarar marigayin ne. Na sha ɗayan gidan Tasi'u ne.

Barira ta rubuta wa ofishin rajista cewa Malam Ilu ya rasu, suka amsa wasiƙarta. A cewarsu, mai adireshin kaɗai ke da ikon sanar da rasuwarsa, kuma har yanzu bai sanar ba.