Wanda Ya Zauna a Hurin Abdulghani

A shekarar 1963, Abdulghani Na'ibi masunci ne a Karantina, wata unguwa a bakin teku. Yana da huri, ƙaramin jirgin katako mai ƙyalle ɗaya da iska ke turawa, kuma shi kaɗai yake fita.

Ran nan da yamma ya juyo gida da kifi rabin kwando. Jiragen alhazai na tsaye can nesa da tasha. Igiyar ƙyallen ta sarƙe, ya miƙe zai warware ta. Iska ta juya, sandar ƙyallen ta buge shi a kafaɗa, sai ga shi cikin teku.

Da ya ɗago kai, hurin ya yi gaba, ƙyallen cike da iska. Ya yi iyo har hannuwansa suka mutu. Ya yi ihu. Ba kowa. Gishiri na ƙona masa maƙogwaro. Ya tuna Mastura, matarsa, da cikinta wata takwas.

"Ya Rabbi, ba yau ba," ya ce.

Sai hurin ya juyo.

Huri ba ya juyowa da kansa. Amma ga shi yana tahowa a hankali, katako na ƙara, igiya na jan ruwa a bayansa. Abdulghani ya cafke ta, ya ja jikinsa har gefen jirgin. Wani wari ya buge shi, kamar na rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Akwai mutum zaune a wurin tuƙi.

Rigar Abdulghani ce a jikin mutumin. Rawaninsa. Har tabon ƙugiya a haɓa.

"Halas, ya ƙare, Abdulghani," in ji shi ƙasa-ƙasa, da muryar Abdulghani. "Ka gaji. Saki."

"Wane ne kai?"

"Mastura ta ɗora shayi. Ni zan sha."

Ya sunkuyo, ya fara ɓamɓare masa yatsu daga katakon. Ɗaya. Biyu. Hannunsa sanyi ƙalau.

Abdulghani ya buɗe baki zai yi Ayatul Kursiyyu, ruwa ya cika shi.

Uku.

Da ɗaya hannun ya lalubi igiyar a ƙarƙashin ruwa, ya naɗe ta, ya zura ƙafa a ciki.

Huɗu.

Iska ta kawo kiran sallar magariba daga gari, siriri. Abin ya tsaya cak, ya karkata kai.

Abdulghani ya taka igiyar da duk ƙarfin da ya rage masa. Hurin ya kwanta gefe, ruwa ya kwararo ciki. Abdulghani ya faɗa cikin jirgin, kan kifin da ƙirji, yana kabbara yana amai.

Ya ji wani abu ya sulale cikin ruwa ta ɗaya gefen.

Bai waiwaya ba har gaɓa.

Yatsun nan huɗu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Ya rabu da hurin, ya koma dako a kasuwar Bab Makka. Bayan wata biyu Usuman, maƙwabcinsa masunci, ya same shi a kasuwa, fuska a firgice.

"Wallahi jiya da magariba na gan ka a teku, kana iyo, kana kiran sunana."

Abdulghani ya sauke kayan da ke kansa.

"Ka tsaya?"

"A'a."

"To gaya wa sauran. Ko da kuka ya roƙe ku, kada wanda ya miƙa masa hannu."