Turmin Doña Cleotilde

Ranar Talata da safe Doña Cleotilde ta ɗora hannu a kan turmin dutsen da take daka yajin tumatir da barkono a ciki, sai ta janye shi kamar ta taɓa garwashi.

"Wannan ba turmina ba ne," in ji ta.

Shagon abincinta yana bayan kasuwar garinmu Atlixco, tebur biyar ne kacal, shekara talatin da ɗaya muna cin abinci a can. Turmin kuwa na kakarta ne, baƙin dutse mai ƙafa uku. Wanda ta tarar a gurbinsa shi ma baƙi ne, ƙafa uku, girma ɗaya. Ni kaina na leƙa ban ga bambanci ba, amma na yi shiru, don ina son in ci gaba da cin abinci a wurin.

Ɗanta Abundio, direban tasi, shi bai yi shiru ba.

"Mama, turminki ne. Jiya kin nemi tabarau yana kan goshinki, yau kuma dutse ya sake kama. Na kira Yaya Genoveva, ranar Lahadi za ta zo ta tafi da ke Puebla ki huta. Shagon nan ya fi ƙarfinki."

"Ƙafata ba ta fita daga kicin ɗin nan," in ji ta. "Kuma ba mai cin yaji sai turmina ya dawo."

Ta ɗauki turmin ta dire shi a teburin tsakiya, kowa ya gani.

Ƙarfe biyu Kofur Hermelinda Tepox, 'yar sanda, ta shigo cin abincin rana yadda ta saba. Aka kawo mata miyar taliya, kaza cikin baƙar miyar mole, wake da tortiya, wato gurasar masara, mai zafi. Ta duba hagu ta duba dama.

"Doña Cleo, ina yajin?"

"An sace min turmi, 'yata, ana kuma cewa na ruɗe. Ke da kike sa kaki, zaɓi ɗaya."

Kofur ta gama cin abincinta tukuna, don ba ta aiki da yunwa. Ta duba ƙofar gaba da ta baya, ba a ɓalle ko ɗaya ba. Ta sunsuni turmin. Sannan ta nemi shinkafa ɗanya cikin tafi, ta zuba, ta niƙa. Garin ya fito toka-toka, cike da tsakuwa.

"Sabon dutse ne," in ji ta. "Ba ki ruɗe ba. Wa ke da makulli?"

"Ni, da Remedios, da ɗana."

"Wa ya taɓa nuna yana son turmin?"

"Fidencia ta tsallaken titi. Shekara ashirin tana sa masa ido."

Kofur ta fara da Remedios mai gasa tortiya.

"Jiya Litinin shago a rufe. Ina kika wuni?"

"Wurin ƙanwata, ta haihu. Mutum goma sun gan ni."

"In turmi ya yi datti, da wane sabulu kike wanke shi?"

Remedios ta ajiye ƙullun da ke hannunta. "Sabulu? A turmi? Kofur, wa ya rene ki? Dutse yana shan sabulu, yaji ya yi wata yana ɗaci. Ruwan zafi da buroshi, shi ke nan."

Kofur ta tsallaka wurin Doña Fidencia, wadda ita ma abinci take sayarwa.

"An ce kina son turmin maƙwabciyarki."

"Ina so mana, har gobe. Amma me zan yi da shi?" Ta rage murya. "Kafaɗata ta mutu, 'yar nan. Shekara uku ke nan da injin markaɗe nake yajina. In kika gaya wa Cleo, kada ki ƙara gaishe ni."

Kofur ta ɗanɗani yajin. Sumul yake kamar kunu, ba dutsen da ya taɓa shi. Ta dawo.

Abundio yana tsaye bakin kicin, yana gaya wa masu cin abinci yadda tsufa ke yi wa mutum. Kofur ta miƙa masa turmin.

"Malam direba, taimaka ka ɗauraye mana wannan, na ɓata shi da shinkafa."

Ya kai shi wurin wanke-wanke, ya ɗauki soso, ya dangwalo sabulu. Remedios ta riƙe baki.

"Ajiye haka nan," in ji Kofur. "Wa ka sayar wa na Mama?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ba a ɓalle ƙofa ba, don haka mai makulli ne. Duk macen da ta taɓa girki a garin nan ta san sabon turmi sai an niƙa shinkafa a ciki an sake niƙawa har garin ya fito fari, kafin a sa masa tumatir. Wanda ya kawo wannan bai sani ba. Ya ga ƙura, ya wanke shi da sabulu, ƙamshin yana nan har yanzu. Remedios ko da bindiga ba za ta yi haka ba. Cikin masu makulli uku, kai kaɗai ne ba ka taɓa daka yaji ba."

Abundio ya ajiye soson. Ya ce wani fasinja ne daga babban birni, mai buɗe gidan abinci na masu kuɗi, yana neman tsohon turmi ya ajiye a bakin ƙofa don ado. Peso dubu huɗu ya ba shi.

"Na ɗauka dutse dutse ne, Mama."

"Satar ba ta dame ni ba kamar ɗayar," in ji Doña Cleotilde, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ka san gaskiya nake faɗa, ka tsaya gaban mutanen da nake ciyarwa ka ce hankalina ya tafi."

Kofur ta tambaye ta ko a tafi da shi ofis.

"Ofis ɗin me? Ya zauna ya huta? A'a. Gobe da safe zai ɗauki motarsa ya je ya karɓo min kayana. Yanzu kuwa ya kira yayarsa, a nan, kowa yana ji, ya faɗa mata wanda ya ruɗe."

Ya kira. Muna ji Genoveva tana zazzaga masa faɗa daga Puebla, mu kuwa muna ta cin wakenmu.

Da ya gama, Doña Cleotilde ta ajiye masa buhun shinkafa a gefen sabon turmin.

"Tunda ka saya, sai ka gyara shi. Niƙa har ya fito fari."

"Mama, zai kai kwana nawa?"

"Ni da na tsufa ina zan sani? Matsa can gefe, ina da mutane a tebur na uku."