Zaren Ulu a Bayan Tarakta

"Ga ta nan! Ga matsafiyar ta iso!"

Ko babur ɗina ban kashe ba muryar Lalla Zakiyya ta tare ni daga ƙofar gona.

Na sauka ina kallon ɓarna. Lemu ko'ina! Ya cika hanya, ya gangara cikin magudanar ruwa, wani taya ta bi ta kansa ya fashe. Matan da ke tsinka sun bar tsani sun yi cirko-cirko, kowace ta baza kunne. Ga ƙaramar taraktar gidan a tsakiya, akwatin ɗaukar kaya na bayanta ya kifa baki ƙasa. A gefenta kuma ga Mu'iz, ɗan Lalla, wanda aka karanta mana Fatihar baiko ni da shi tun kafin lemu ya nuna.

Yana tsaye yana kallon takalminsa kamar yau ya fara ganin takalmi.

"Ina kwana, Lalla," na ce. "Me ya faru?"

"Ni kike tambaya?"

Ta warware wani hankici a gabana. Guntayen zaren ulu ne a ciki, ja da kore, rabinsu a ƙone, sai warin turaren wuta suke yi.

"Wannan mene ne? Ƙulli! Ƙulli a jikin abin da ɗana yake hawa kullum! Shi ya sa yaro ba ya ji ba ya gani, sai Widad, Widad, 'yar gareji mai baƙin mai a farce!"

"Goggo, kar ki taɓa da hannu," in ji Sirin daga bayanta, tana wani langaɓar da kai. "Irin wannan ko an yanke yana da sauran dafi."

Sirin 'yar wan Lalla ce. Ta zo gona da takalmi mai tsini da tabarau, wai taya aiki. Duk garin Manzil Bu Zalfa ba wanda bai san aikin da take son tayawa ba: Mu'iz take hari.

Dariya ta taso mini, na danne. Wallahi da ba ranar baƙin cikina ba ce da sai na yi ta har da riƙe ciki.

Taraktar nan haka suka sayo ta, ba ta da bakin man ɗaga kaya a baya, abin da ta iya kawai ja. Mu'iz ya kawo ta garejin babana, Si Munji, ya ce yana son akwatin da zai ɗaga ya juye da kansa. Idon Baba ya yi rauni, aikin ya dawo hannuna. Na janyo mai daga famfo, na ɗaura liba, sandar da ake ja, a gefen kujera, na bi da bututu biyu ta ƙarƙashi har baya. Tiyo biyu ne suke shiga wurin, duka baƙaƙe, bakinsu iri ɗaya. Ɗaya yana tura mai, ɗaya yana dawo da shi. In ka musanya su, sai ka ja liba don akwati ya miƙe, shi kuma ya kife. Shi ya sa a garejinmu muke ɗaura zaren ulu: ja ya shiga ja, kore ya shiga kore. Tun ina ƙarama daga kwandon saƙar mahaifiyata Baba yake ɗiba.

Ranar da na ɗaura wannan, Mu'iz ne ya riƙe mini bakin zaren. Har ya ce, "Ƙulla da kyau, rabin raina, kar ya kunce."

Na juya gare shi.

"Mu'iz."

"Na'am..."

"Wa ya yanke zaren?"

Ya mayar da ido kan takalminsa.

"Ni na yanke!" in ji Lalla, tana buga ƙirji. "Jiya da la'asar. Allah ya yi wa Sirin albarka, ita ta gani, ita ta kawo almakashi. Muka kai wa malam ya ce Allah ne ya rufa asiri. To ga shi, an kunce abinki, aljanun sun huce a kan lemuna!"

"Da safe ka cire akwatin ka mayar?" na tambayi Mu'iz.

Ya gyaɗa kai.

"Ba zare, ka cusa tiyo yadda ka ga dama?"

Ya sake gyaɗa kai, a hankali, don kar uwarsa ta gani.

Na dubi Sirin tun daga tabarau har tsinin takalmi.

"Ke kuma, taraktar babanki a ina aka haɗa mata tiyon baya?"

"Ina ruwana da tarakta?"

"A garejinmu. Je ki leƙa, ja da kore suna nan suna lilo. Shi ma mallake shi na yi? Me zan yi da tsoho mai tari?"

Wata daga cikin masu tsinka ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta toshe baki da mayafi.

"Kin ji rashin kunya ko, Goggo?" Sirin ta fara matso hawaye. Ƙwalla ɗaya ta samu, ita ma da ƙyar.

Ban ƙara bi ta kanta ba. Na kashe injin, na kaɗa libar gaba da baya har ƙarfin man ya sauka, na zare tiyon biyu, na goge bakinsu da gefen rigar aikina, na mayar da kowane gidansa. Na tayar, na ja liba. Akwatin ya miƙe sumul, ya tsaya cak.

Na ɗauka magana ta ƙare.

"Kun gani?!" Lalla ta ƙwala ihu har tsuntsaye suka tashi. "Kun gani da idonku! Ɗana ya taɓa ta kife, ita ta taɓa ta miƙe! Hannunta kawai take ji! Wace shaida kuma ake nema?"

Innalillahi...

A nan na gane ba aikin sifana ba ne. Mutum ɗaya ne a gonar nan zai iya wanke ni, da magana ɗaya, kuma yana tsaye kusa da ni har ina jin ƙamshin turarensa.

"Mu'iz, faɗa mata."

"Widad..."

"Faɗa mata wa ya riƙe mini zaren."

Ya dubi uwarsa. Ya dubi matan.

"Ummi, a bar maganar nan, mutane suna kallo." Sai ya sunkuyo wajena, murya ƙasa-ƙasa. "Ki ba ta haƙuri kawai, abar ƙaunata. Ki ce kuskure ne, ba za ki sake ba. In ta huce zan yi mata bayani."

"In ce ba zan sake me ba?"

"Ke dai ki faɗa..."

"Tsafin?"

Ya kawar da fuska.

Ƙato guda, mai gemu, mai faɗin kafaɗa, wanda nake kwana ina juyi saboda shi. Na kalle shi na ji wani abu ya tsinke a ƙirjina. Ina son sa, wallahi ina son sa, amma a wannan lokacin ko ruɓaɓɓen lemun da ke ƙarƙashin taya ya fi shi daraja a idona.

Na hau babur ɗina na tafi.

Kafin azahar labari ya riga ni zaga gari. Matar mai burodi da ta saba tsokanata ta miƙo mini burodi da 'yan yatsu biyu, tana motsa baki da addu'ar neman tsari. Wani manomi da ya yi alkawarin kawo tarakta ya bugo waya wai ta warke da kanta. Baba ya ji duka, ya ci gaba da laluben sifana a cikin akwati. Sai can ya ce, "Yaron ya yi magana?"

"Bai yi ba, Baba."

"To."

Abin da ya ce ke nan. Na shiga bayan gareji na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Washegari da hantsi ina ƙarƙashin wata tarakta na ga ƙafafun Mu'iz. Na fito. Ya riƙo kwalin makrud, kayan zaƙin nan mai dabino, irin wanda ya san ina so, idanunsa jajur.

"Widad, ban runtsa ba."

"Allah ya sawwaƙe."

"Kar ki yi mini haka, hasken idona. Na yi laifi. Na san na yi laifi. Tsoro ne ya kama ni, kin san Ummi da hawan jini..."

"Jiya da take ihu ban ga ya hau ba."

"Don Allah..." Ya durƙusa a kan baƙin mai da farin wandonsa, bai ko duba ba. "Ke nake so. Sirin ko a mafarki ban taɓa ganinta ba. In babu ke ban san me zan yi da raina ba. Zan gyara, na rantse. Yau ɗin nan zan tsaya a gabanta in faɗa mata komai, a gaban matan, a gaban kowa!"

Zuciya ba ta da kunya. Duk abin da ya yi mini, sai na ji tana narkewa. Na ga Mu'iz ɗina, wanda yake zama a kan tsohuwar taya yana miƙo mini sifana ba daidai ba don kawai in harare shi.

"Yau?" na ce.

"Yau, rabin raina."

"A gaban kowa?"

"A gaban kowa!"

Na miƙa hannu zan karɓi kwalin.

Sai wayarsa ta yi ƙara.

Ya duba. Na ga fuskarsa ta canja. Ya miƙe zumbur, ya ɗora yatsa a leɓe yana roƙona da ido in yi shiru. Har da matsawa nesa da injin Baba don kar a ji ƙarar gareji.

"Na'am, Ummi... A'a... a'a, ina wajen mai taki. Wallahi wajen mai taki nake... Wace Widad? Me zai kai ni can? Ga ni nan zuwa."

Ya kashe. Ya juyo yana murmushin yaƙe.

"Kin san sai a hankali..."

Zoben baikon ya ƙi fita, hannuna duk mai. Na tsoma yatsan a ruwan sabulun Baba, na murza har ya zame. Na ɗora shi a kan kwalin makrud ɗin da ke hannunsa.

"Widad! Me kike yi? Widad, don girman Allah!"

"Yi sauri," na ce. "Ka biya ka sayi takin, za ta tambaya."