Littafin da Na Sa a Kwanon Bara'atu

Ranar wata Laraba Bara'atu ta tsaya a bakin zaurena ta ce ana kiranta aiki a Kalaba.

Na rufe littafin da ke hannuna, abin da ba na yi wa kowa a Majidaɗi, har da mai unguwa.

"Kalaba," na ce. "Zafin Jalingo ne bai ishe ki ba, sai kin nemo mai haɗe da gumi?"

"Malam, ban ce na tafi ba. Cewa na yi ana so in tafi."

"Wa ke so?"

"Abdulsalam, ɗan kawuna. Ya buɗe gidan abinci a Bogobiri, unguwar Hausawan can, yana neman mai riƙe masa kicin. Ga kuma ƙirjin 'yata Jummai... Kana jin tarinta ta katanga duk lokacin sanyi. Likita ya ce iskar bakin teku mai ɗumi za ta fi mata."

Bara'atu maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, tana riƙe su da sayar da masa a Kasuwar Jalingo. Ni kuwa Mahadi, tsohon mai kula da ɗakin karatu ne. Tun da matata ta rasu, masu ta'aziyya suka cinye shinkafar sadaka suka watse, na daina sa rai da mutane.

Sai dai duk Juma'a kwanon masa yakan shigo gidana daga wajenta. Kowa ya san ba a mayar da kwano haka nan. Wasu su sa sabulu, wasu dabino. Ni littafi nake sawa. Ta karanta, ta dawo min da shi da tabon mai a gefe da tambayoyi cike da baki.

Daga wannan Laraba tambayoyin suka koma na teku.

"Malam, wai da gaske ruwansa ba ya shayuwa?"

"Gishiri ne zalla."

"To su kifayen me suke sha?"

"Bara'atu, ba su taɓa kawo min ƙara ba."

Ta yi dariya har ta dafa ƙyaure. Na lura ina neman abin da zai sake sa ta yin haka, kuma ban ji daɗin lurar ba.

"Akwai Islamiyya? Idan aikin Abdulsalam ya lalace fa, mace irina za ta samu wani? Suna ma cin masa kuwa?"

Na bincika mata komai. Na kira Philemon, tsohon abokin aikina da ya zauna can. Ya ce otal-otal na ɗaukar masu girki, fatake 'yan arewa kuma kullum suna neman abincin gida, haya ce dai mai zafi. Na zayyana mata duka, ban rage ba. Aikina ke nan tun ina saurayi: a tambaye ni, in nemo.

Wata Litinin ta zo ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana murɗa bakin mayafinta.

"Malam... in kai ne, tafiya za ka ce in yi, ko zama?"

Na dubi ƙafafunta, don fuskar ta fi ƙarfina.

"Ki ba ni lokaci zuwa Juma'a."

"Juma'a," ta ce a hankali. "To. Zan jira."

A ranar na kira 'yata Ruwaida, wadda ke aure a unguwar Sarkin Dawaki, na ce mata ina da niyyar neman Bara'atu.

"Abba, a ɗakin Mama za ka sa ta?"

"Ɗakin babu kowa a ciki sai gizo-gizo."

"Ni dai ban yarda ba."

Ta kashe waya. Na ce za ta huce. Mutum mai shekaruna kuma ba ya tsayawa a zaure yana ce wa mace rabin raina kamar ɗan sakandare. Babba ake turawa. Na aika wa Bappa Manga, ƙanin mahaifina. Aka ce yana Zing wajen haƙar doya, sai an gama zai dawo.

Shi kuwa Abdulsalam bai jira doyar kowa ba. Kullum sai ya kira ta. Ya turo hoton ɗaki da sabon fenti, ya turo hoton makaranta, ya ce gurbin ba zai zauna yana jiranta ba. Daga baya na ji har ce mata ya yi, "Wannan malamin naki ai takarda ya aura." Ban ga laifinsa ba, bincikensa ya yi kyau.

Juma'a kwano ya iso. A safiyar ne na tono wani tsohon littafi da na daɗe ina nema mata a ƙasan akwati, na tarihin garuruwan bakin teku, har da hoton jiragen ruwa a gaɓar Kalaba. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce wannan zai riƙe ta da karatu kafin Bappa ya dawo a yi magana yadda ta dace. Na goge ƙurarsa, na sa a kwano, na rufe.

Ranar Asabar Bara'atu ba ta zo ba. Lahadi ma haka. Na ce karatu ne ya yi daɗi.

Sai ga Ruwaida da sassafe ranar Alhamis, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Abba, me ka sa wa Adda Bara'atu a kwano?"

Na faɗa mata.

Ta zauna a ƙasa daɓas.

"Ka ce mata Juma'a za ka ba ta amsa. Juma'a ta zo, ta buɗe kwano, ta ga Kalaba. Me kake so ta fahimta?"

"Littafi ne kawai."

"A wajenka. Ita shekara da shekaru tana karanta zuciyarka a cikin kwanon nan. Matan layin nan duk sun sani. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta ba ƙanwarta rumfa da tanda. Ni da na ƙi abin ma na gane, kai da kake so..." Ta miƙe. "Suna tasha. Tashi, Abba."

Na hau keke da silifas ɗin alwala.

Motar ta cika, an ɗaure kaya har sama. Bara'atu na zaune gefen taga, Jummai a cinyarta, ƙaramin na barci a kafaɗarta.

"Malam! Da kanka?"

"Bara'atu, littafin nan..."

"Na karanta shi tas." Idonta ya yi ja, amma tana murmushi. "Da farko na ji ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Daga baya na ga gaskiyarka. Da ka ce in zauna, wallahi da na zauna. Sai sanyi ya zo yarinyar nan ta kama tari, in riƙa kallonka ina jin haushi. Ka fi ni hankali, Malam. Na gode."

Na buɗe baki.

Jummai ta yi tari, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Uwar ta shiga shafa mata baya.

Na rufe bakina. Wa zai ce zauna a gaban wannan?

Direban ya leƙo da gurguwar Hausarsa. "Baba, ki matsa, mota zai tashi."

Na matsa.

"Allah ya kiyaye hanya," na ce. "Ki sauke gilashi kaɗan, kar Jummai ta jigata kafin Wukari."

Ban kira ta a waya ba. Ba a neman aure a waya, na ce, a bari Bappa ya dawo. Ya dawo da doya mai kyau yana tambaya wane gida za a je. Kafin nan waliyyinta ya riga ya karɓi gaisuwar auren Abdulsalam, da yardarta. Sanyi ya zo ya wuce, aka ce Jummai ko sau ɗaya ba ta kwanta ba. Likitan ya yi gaskiya, kuma har yau ban yafe masa ba.

Mutane suna zaton kalmar da ta maƙale min a tasha ita ce zauna. Ba ita ba ce. Wadda ta dace sai da motar ta sha kwana ta zo min, ina tsaye cikin hayaƙinta. Ni ɗan fansho ne, babu ofis da ke jirana, babu abin da ya ɗaure ni a Jalingo sai kabari ɗaya, shi kuwa addu'a tana isa gare shi daga ko'ina.

Ga abin da ban samu na faɗa ba:

"Bara'atu, matsa min. Ni ma ban taɓa ganin teku ba."