Ruwan Lagireto a Gindin Tsamiya

Shekarar da fari ya ƙone mana gero, na bar gona na tafi Dawakin Tofa koyon kanikanci wajen Oga Bawa. Ga furfura ta fara, ga 'ya'ya huɗu, ina wankin sifana. To, ya na iya? Hannun nan kaɗai ya rage mana.

Wata Laraba da yamma Oga ya ce, "Sama'ilu, akori-kura ta tsaya a hanyar Tofa, tana zubar da ruwa. In ka gyara ta kai kaɗai, na yaye ka."

Na tarar da ita a gindin tsamiya. Direban ya miƙo mini makulli, ya tafi neman ruwan alwala. Na cika lagireto, na tayar da inji don in ga inda yake yoyo, har ya tafasa. Warin baƙin mai da ƙonanniyar roba ya cika wurin. Can nesa ana kiran magariba.

Tun muna yara Inna ke cewa ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla, balle da magariba, akwai masu zama a wurin. Wallahi na sani! Ɗoki ne ya ci ni. Na kashe inji, na shiga ƙarƙashi, na zare tiyo, na kauce.

Tafasasshen ruwa ya kwarara cikin saiwoyi.

Sai ƙarar jariri. Daga cikin ƙasa, dab da kunnena.

Tsuntsayen kan tsamiya suka yi tsit.

A bakin taya na ga ƙafafun mace. Ba sa taɓa ƙasa.

"Bakanike," ta ce a hankali, "da wane hannun?"

Na lalubi addu'a, ko ɗaya ba ta zo ba. Na yunƙura, jiki ya ƙi.

Na ce, "Baiwar Allah, ban ga jaririn ba. Ki dubi Allah, 'ya'yana huɗu."

"Ni ɗaya gare ni."

Wani abu mai sanyi ya riƙe hannuna na dama, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Direban ne ya jawo ni ta ƙafa, yana salati.

Ba ƙuna, ba kumburi. Ina cin tuwo da hannun, ina alwala. Amma da zarar na taɓa sifana, sai tafin ya yi bororo, kukan nan ya cika mini kai. An sha rubutu, an yi hayaƙi, duk a banza. Wata uku Oga Bawa yana jirana kafin ya haƙura.

Da damina ta sauka, matata Hure ta ce, "Malam, mu koma gona, Allah yana nan." Ta miƙo mini fartanya.

Na kama ƙota, na yi bisimilla, na sari ƙasa sau ɗaya.

Daga ƙarƙashi, jaririn ya amsa.