Abin da Taubashi Ya Ɗauka

Hajiya Rahamatu mai atamfa ce ta fara shigowa komisariyar Tawa, wato ofishin 'yan sanda, rai a ɓace. Wani ya kira ta a salula ya ce daga ofishin haraji yake. Ya faɗa mata lambar harajinta da sunan mahaifinta da layin da shagonta yake a kasuwa, sannan ya ce za a garƙame shagon in ba ta turo tara ba. Ta tura. Kafin a jima 'yan kasuwa irinta sun cika bencin komisariya.

Sufeto Attahir aka ba binciken. Mutum ne mai son a ce ya iya aiki, kuma ya iya ɗin, sai dai akwai gaggawa. Kamfanin waya ya ce layin da ake kiran mutane da shi an yi rajistarsa da katin ɗan ƙasa na wani Buzu mai suna Aghali, dillalin dabbobi daga Takanamat. Ran kasuwa Attahir ya je kara ya ɗauko shi a tsakiyar raƙuma, jama'a suna kallo.

"Layin nan naka ne?"

"Salulata guda ce, ga ta," in ji Aghali. Ya ajiye wata 'yar tsohuwar salula da aka ɗaure da roba. "Ko sunana ban iya rubutawa ba, ranka ya daɗe."

"Wa ka taɓa ba katinka?"

"Muktari, mai yi mini takardun haraji. Shi kaɗai."

Attahir ya koma kan masu ƙara ɗaya bayan ɗaya. Dukkansu a wurin Muktari ake shirya musu haraji. Amma komisar, shugaban 'yan sandan wurin, bai ga dalilin sakin kowa ba. Ya ce in ba a kawo wani mai laifin ba, Aghali za a miƙa wa alƙali, daga can sai gidan kaso.

Muktari kuwa ba baƙo ba ne. Ɗan kawun Attahir ne, wato taubashinsa. Tun suna yara suke wasan nan na kwashe wa juna kaya: wannan ya cire wa wancan hula ran Sallah, wancan ya rama da takalmi. Abin da taubashi ya ɗauka ba a kiran shi sata, kuma mai fushi a kansa shi ake yi wa dariya.

Attahir ya shiga ofishin Muktari tare da birgadiye Ma'azu, mai ɗaukar bayani. Yau ba wanda ya zolayi wani.

"Ina kake ajiye bayanan mutane?"

"Cikin kwamfuta wagga," in ji Muktari. "Ba ta taɓa hawa intanet ba. Ni da sakatariya Haula kaɗai munka san lambar buɗe ta. Takardar da munka gama da ita ƙone ta mukai."

"In kwamfutar ta mutu fa?"

"Akwai kwafi cikin kile guda, shuɗi."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi bayanai, bai kai ɗan yatsa ba. Attahir ya san kilen nan.

Ana gab da Babbar Sallah ya biyo ta nan, ya gan shi a kan tebur, ya zura a aljihu yana cewa ya ci ganima. Muktari ya biyo shi har bakin ƙofa yana ihu, "Ɓarawo da kakin gwamnati! Maido, akwai aikin mutane ciki!" Attahir ya ɗauka duk cikin wasa ne. Ya kai kilen tasha wurin Lawali mai turi, wanda yake zuba wa mutane waƙa da wa'azi, ya bar masa shi ya cika da waƙoƙin da zai ji a mota zuwa Bambeye. Bayan Sallah ya maido, aka yi dariya, aka manta.

"Kilen ya taɓa fita daga nan?" Ma'azu ne ya tambaya.

Muktari ya dubi taubashinsa, ya kau da kai. "Bai taɓa hita ba."

Nan ne ya kamata Attahir ya buɗe baki. Maimakon haka sai ya juya kan Haula, ya ɗaure fuska.

"Ke wa kike ba bayanan mutane?"

"Wallahi ba kowa, Sufeto."

"Ba ki taɓa kai aiki gida ba? Ba ki da wani ƙane mai wasa da kwamfuta?"

Hawaye ya cika mata ido. "Aikin ga shi ka riƙe da ni da uwata. Abu guda na sani: bayan Sallah na buɗe kilen na iske waƙoƙi ciki, kuma ba ni na sa su ba."

Ma'azu ya rubuta. Attahir ya ji kunyar kansa har cikin ƙashi.

Ya shiga bin wasu hanyoyi da shi kansa ya san ba inda za su kai shi. Ya titsiye mai gadi. Ya sa aka kira mai gyaran kwamfuta. Addu'arsa ɗaya, a ce ta wata kafa bayanan suka fita. Kullum zai wuce ɗakin tsare mutane sai ya ƙara sauri, don Aghali yakan miƙe ya gaishe shi da ladabi.

Ran da komisar ya ce gobe da safe za a kai Aghali gaban alƙali, Attahir ya ɗauki hularsa ya ce wa Ma'azu, "Mu je tasha."

Rumfar Lawali tana ta kiɗa. A jikin allonta an rubuta cewa ana turi, ana caji, ana sayar da layin waya da rajista.

"An taɓa kawo maka kile shuɗi?" in ji Attahir.

"Sufeto, mutane nawa ka zuwa nan? Ni waƙa kawai nika turawa."

"In an bar maka kile, kana duba abin da ke ciki?"

"Mi ya haɗa ni da shi?"

Ma'azu ya zauna gaban kwamfutar. Bai sha wahala ba. A ƙarƙashin tarin waƙoƙi ya tarar da hotunan katunan mutane, ga na Hajiya Rahamatu, ga na Aghali. Cikin akwatin caja kuma ga salula mai ɗauke da layin da ake nema.

Lawali ya matso ya rage murya. "Sufeto, mu koma gehe. Ka san wanda ya kawo shi. In na yi shiru, kai ma ka huta."

Attahir ya ji maganar ta yi masa daɗi na ɗan lokaci, kuma wannan daɗin ya fi komai ƙona masa rai.

"Faɗa da ƙarfi, birgadiye ya ji."

Lawali ya yi turus, sannan ya zube a kan benci. "Kai ka kawo shi. Na ga katunan manyan 'yan kasuwa, na kwahe. Na yi rajista da na Buzun don na san bai karatu, kuma daji yake. Ni na yi kiran. Sharrin shaiɗan na."

Alƙalamin Ma'azu ya tsaya. Ya ɗago ya dubi maigidansa.

"Rubuta yadda ya faɗa," in ji Attahir. "Da cikakken sunana."

Aka sa wa Lawali ankwa, aka kashe kiɗan, aka tura shi cikin mota direbobi suna leƙe.

Attahir da kansa ya buɗe wa Aghali ƙofa. Dattijon ya kama hannunsa da hannu biyu, ya shiga sa masa albarka: Allah ya raya zuri'a, Allah ya ƙara girma, da ba don shi ba da ya ruɓe a kaso. Kowace addu'a sai Attahir ya ji kamar mari.

"Baba, dakata. Ni ne sila."

Ya faɗa masa komai, bai rage ba. Aghali ya saurara har ƙarshe.

"Wasan taubasai mu ma muna yi," ya ce a hankali. "Wannan kuskure ne, na yafe. Amma yaushe ka gane?"

"Tun ranar da na je wurin Muktari."

"Ina nan ciki?"

"Kana nan."

Aghali ya saki hannunsa. Ya gyara rawaninsa har ya rufe hanci, ya ɗauki 'yar salularsa a kan kanta.

"Ina gaishe ka kullum," ya ce, "kana amsawa."

Ya fita bai waiwayo ba.